Makaɗan da Ke Haska Allonsu a Bango

A biranen Sheffield da Landan na Ingila, da Berlin ta Jamus, da babban birnin Meziko, akwai wani irin taron kiɗa da in aka shigar da baƙo zai ɗauka ajin kwamfuta ne aka buɗe da dare. Makaɗin na tsaye gaban tebur, babu ganga, babu garaya, ko makirufo bai riƙe ba. Kwamfutar cinya ce kawai a gabansa. Majigi na haska allon kwamfutar a bango, ƙato, yadda na can baya ma zai iya karanta abin da ake rubutawa. Da farko allon wayam, ɗakin tsit. Sai ya rubuta layi ɗaya ya danna maɓalli, ganga ta fara bugawa a lasifika. Ya ƙara layi na biyu, wani sauti ya shigo ya hau kan na farko. Ya goge 4 ya sa 3, kiɗan ya juya nan take, kuma bai tsaya ko na sakan ɗaya ba.

Turawa na kiran wannan sana'a live coding. Kod shi ne umarnin da ake rubuta wa kwamfuta da wani yare da take ganewa, irin wanda aka gina duk manhajojin wayoyinmu da shi. Yadda aka saba, mai rubuta kod yana aikinsa ne a ɗaki, ya gama, ya gyara, sannan ya miƙa wa jama'a manhaja a kammale. Su waɗannan mutane sun juya abin. Suna rubuta kod ɗin a gaban jama'a, yana aiki suna canza shi, abin da ke fita kuma kiɗa ne. A nan za mu riƙa kiransa kiɗan kod.

Ƙannenmu na sakandare, ba don mu tura ku gidan rawa muka kawo muku wannan labari ba. Da yawa cikinmu da muke jami'a yanzu a kan allon aji muka fara koyon kwamfuta. An zana mana ita da alli, mun haddace ma'anar CPU da RAM, mun ci jarrabawa, amma ba mu taɓa ba ta umarni ta bi ba. Kiɗan kod na cikin hanyoyi ƙalilan da mutum zai rubuta kalma biyu, kunnensa ya shaida masa nan take cewa na'ura ta ji maganarsa.

Me ya kawo majigi?

Tunanin cewa na'ura za ta iya shirya kiɗa ya girmi kwamfutar kanta. A 1843 wata Baturiyar Ingila, Ada Lovelace, tana bayani a kan injin lissafin da Charles Babbage ya tsara, ta rubuta cewa in har za a iya bayyana dangantakar sautuka da ƙa'idoji, injin zai iya shirya kiɗa mai sarƙaƙiya. Ba a ma kammala ƙera injin ba. Sai a 1957 Max Mathews, a ɗakunan binciken Bell da ke Amurka, ya rubuta manhajar da ta sa kwamfuta ta fitar da ɗan kiɗa na sakan 17. A wancan zamani sai ka rubuta, ka miƙa, ka jira na'ura ta gama lissafi, sannan ka ji abin da ka yi. In bai yi daɗi ba ka sake bin layi.

Zuwa ƙarshen shekarun 1990 kwamfutar cinya ta yi ƙarfin da za ta iya haɗa sauti nan take. James McCartney ya fitar da SuperCollider a 1996, wani yaren kod na haɗa sauti, ya kuma sake shi kyauta a 2002. Makaɗa suka fara hawa dandamali da kwamfutocinsu. Sai wata matsala ta ɓullo. Mai kallo ba ya ganin komai sai bayan murfin kwamfuta da fuskar mutum da haske ya buge ta. Har aka riƙa yi musu ba'a cewa ƙila saƙonnin imel yake dubawa, ya kunna faifan da ya haɗa tun a gida.

Ku kwatanta da mai kalangu. Kana ganin hannunsa, kana ganin yadda yake matse tsirkiya a hammata, in ya yi gwaninta ka san shi ya yi. Wannan amanar da ke tsakanin makaɗi da mai saurare ita ce kwamfuta ta ɓatar. Wasu matasa biyu a Landan, Alex McLean da Adrian Ward, sun kafa ƙungiyar kiɗa mai suna Slub a 2000, da sharaɗin ba za su yi kiɗa da manhajar kowa ba sai wadda suka rubuta da kansu, kuma suna haska allonsu kowa ya gani. A 2004 masu irin wannan ra'ayi suka haɗu a birnin Hamburg na Jamus suka kafa ƙungiyar TOPLAP. A takardar manufofin da suka rubuta sun ce ɓoye-ɓoye haɗari ne, kowa ya nuna allonsa. Sun kuma ce ba dole ba ne mai kallo ya fahimci kod ɗin, kamar yadda ba sai ka iya kaɗa jita ba kafin ka ji daɗin kallon mai kaɗa ta. Bahaushe dai ya riga su, da ya ce gani ya kori ji.

McLean da abokinsa Nick Collins ne suka ƙirƙiri kalmar algorave, sunan da ake kiran tarukan rawa da irin wannan kiɗa. An yi na farko mai wannan suna a Landan a 2012, daga nan ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Rabin kalmar na farko daga algorizim yake, wato jerin matakan warware matsala, wanda shi kuma daga sunan Muhammad bin Musa al-Khwarizmi ya samo asali, malamin lissafin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. Jami'o'i ma sun shigo ciki: an yi taron ƙasa da ƙasa na farko a kan wannan fanni a birnin Leeds a 2015.

Manhajar da aka gina wa 'yan makaranta

Wadda ta fi shafar ku ita ce Sonic Pi. A 2012 aka fara sayar da Raspberry Pi a Ingila, wata 'yar ƙaramar kwamfuta da ba ta fi girman katin ATM ba sosai, a kan dala 35, don yara su samu abin koyon kod mai araha. Ƙasar kuma tana shirin sabon tsarin karatu, wanda ya fara aiki a 2014, da ya wajabta koyar da ilimin kwamfuta tun daga shekara biyar. Tambayar ita ce: da me za a ja hankalin yaro? Sam Aaron, wani mai bincike a sashen kwamfuta na Jami'ar Cambridge, wanda dama makaɗin kod ne, ya gina Sonic Pi don wannan aiki, ya gwada ta a aji tare da wata malamar makaranta, Carrie Anne Philbin. Ya sha faɗin ƙa'idar da yake bi: duk abin da ba zai iya koya wa ɗan shekara goma ba, ba ya saka shi a manhajar.

Ga darasin farko gaba ɗayansa:

play 60

Ka danna Run, ka ji sauti ɗaya, "tin". Ka mayar da 60 ta zama 72, ka ji sauti mai kama da shi amma siriri. Ka sa 48, ya yi kauri. Lambobin nan suna da tsari. Kowane sauti girgiza ce a iska, kuma yawan girgizar a sakan ɗaya shi ke sa sauti ya yi sama ko ƙasa. A tsarin MIDI da kayan kiɗan lantarki ke amfani da shi tun 1983, lamba 69 na nufin girgiza 440 a sakan. Duk ka ƙara 12, girgizar ta ninka: 81 ita ce 880. Ka rage 12, ta rabu biyu: 57 ita ce 220. 'Yan ajin kimiyya sun ga wannan a darasin fiziks, sai dai a can a takarda yake kwance.

Yanzu a rubuta uku a jere:

play 60
play 64
play 67

Kowa zai zaci zai ji su ɗaya bayan ɗaya. Ina! A tare za su fito, domin kwamfuta na gudu da layukan cikin ƙiftawar ido, ba ta san ana jira ba sai an gaya mata. Dole a sa sleep 0.5 a tsakaninsu, wato ta dakata rabin bugu, wanda a saurin da manhajar ke farawa da shi rabin sakan ne. A wannan ɗan wuri yaro ya koyi abin da ake shafe makonni ana bayani a aji: kwamfuta na yin abin da ka rubuta daidai, ba ruwanta da abin da ke ranka.

Zuciyar manhajar kuwa ita ce wannan:

live_loop :ganga do
sample :bd_haus
sleep 0.5
end

Ma'anarsa: buga ganga, dakata rabin sakan, koma farko, ka yi ta yi. Kalmar ganga mu muka sa, kowane suna ka ga dama za ka iya raɗa wa zagayenka. Shi kuwa bd_haus sunan wani sautin babbar ganga ne da ke zuwa da manhajar. Kada ku yi saurin murna, ba Hausa ake nufi ba, wani salon kiɗa ne da ake kira house. Abin burgewar shi ne, gangar na bugawa za ka iya mayar da 0.5 ta zama 0.25 ka sake danna Run. Ba za ta tsaya ba. Za ta ƙarasa zagayen da take ciki, ta ɗauki sabon umarni a zagaye na gaba, saurin ya ninka. Za ka iya buɗe zagaye na biyu da na uku su riƙa tafiya tare, kowanne da aikinsa. Masana kwamfuta na ɗaukar tafiyar da ayyuka da yawa a lokaci guda a matsayin darasi mai wuya, wanda sai an yi nisa a jami'a ake taɓa shi. A nan ɗan JSS na yin sa don yana son ganga da sarewa su tafi tare.

Akwai wata dabara a ɓoye da ta burge mu. Kowane layi na cin ɗan lokaci kafin kwamfuta ta aiwatar da shi, ko da kashi ɗaya cikin dubu na sakan ne. Da za a bar waɗannan 'yan guntaye su taru, bayan minti biyar zagaye biyu sun saɓa da juna, kiɗa ya wargaje. Sai Sonic Pi ta riƙe nata agogon na lissafi, tana kuma shirya kowane sauti kusan rabin sakan kafin lokacin fitarsa. Ko zaɓen canke da take yi, in ka ce ta ɗauko sauti ba tsari, ba canke ba ne na gaskiya: duk lokacin da ka sake kunnawa jeri ɗaya za ta ba ka, sai in ka canza lambar da take farawa da ita. An yi haka da gangan, don in ka dace da wani jeri mai daɗi ka iya dawo da shi gobe.

Kiɗa da ɓangarori

Alex McLean ya bi wata hanya dabam. Wajen 2009 ya fara gina yaren da ake kira TidalCycles, wanda ba ya ƙirga lokaci da "dakata kaza". A wurinsa lokaci zagaye ne, kamar faifai, duk abin da ka rubuta sai a raba masa zagayen daidai wa daida. A 2022 shi da wani Bajamushe, Felix Roos, suka fara Strudel, wadda ke yin aiki iri ɗaya a cikin burauza, ba sai an sauke komai ba. A Strudel za ka rubuta:

sound("bd sd")

bd babbar ganga ce, sd ƙarama mai kaifin sauti. Abu biyu, kowanne ya samu rabin zagaye. Ka rubuta huɗu, kowanne ya samu kwata, sai ka ji kiɗan ya ƙara sauri alhali tsawon zagayen bai canza ba. Alamar ~ na nufin shiru. bd*2 na nufin a buga sau biyu a gurbin ɗaya. In ka sa waƙafi, jeri biyu za su tafi tare:

sound("bd bd, hh hh hh")

hh wasu faranta biyu ne na ƙarfe masu cewa "cis". A nan ganga na raba zagaye biyu, faranta na raba shi uku, ba sa haɗuwa sai a farkon kowane zagaye. Uku a kan biyu ke nan, wanda ya cika kaɗe-kaɗen Afirka ta Yamma, kuma jikinku ya san shi tun kafin a koya muku 1/2 da 1/3. Wanda lissafin ɓangarori ya taɓa sa wa ciwon kai ya gwada jin sa da kunne.

McLean ya daɗe yana cewa abin da yake yi ya fi kusa da saƙa. Ya ma yi aiki a wani bincike kan saƙar mutanen da a gidan tarihin kimiyya na birnin Munich. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai ɗinkin hula zai gane maganar: ƙaramin zane ne ake maimaitawa, a juya shi, a kifa shi, a matsar da shi gaba kaɗan, har ya cika hular. Umarnin Tidal da Strudel ma haka suke. Akwai na juya jeri ya koma da baya, akwai na ninka saurinsa, akwai mai aika asalin jerin kunnen hagu, juyayyen kuma kunnen dama.

Ga wanda ya fi ba mu mamaki:

sound("bd(3,8)")

Wannan na cewa: ga gurbi takwas, ga bugu uku, raba su yadda tazararsu za ta yi kusa da daidai iya yiwuwa. Takwas ba ta rabuwa uku ba saura, don haka abin da ke fita shi ne tazarar 3, 3, 2. Ku gwada da tafi: ku ƙirga ɗaya zuwa takwas da sauri, ku tafa a kan 1 da 4 da 7, ku maimaita. Kun san shi. Yana cikin kiɗan Kuba, inda ake kiransa tresillo, yana kuma ƙarƙashin waƙoƙin zamani masu yawa da ke tashi a wayoyinku.

Wani masanin kwamfuta a Jami'ar McGill ta Kanada, Godfried Toussaint, shi ya nuna a 2005 cewa hanyar wannan rabo ɗaya take da hanyar da Yuklid, malamin lissafin birnin Iskandariya, ya rubuta kimanin shekara 2,300 da suka wuce don nemo babbar lambar da ke raba lambobi biyu ba saura, wadda kuka sani da HCF. Ya jera kaɗe-kaɗen gargajiya na sassan duniya da ke fitowa daga wannan lissafi. Bugu 7 a gurbi 12, in aka fara daga gurbin da ya dace, shi ne bugun ƙararrawar ƙarfe da ke riƙe kiɗan Ewe na Gana da na Yarbawa, wanda bayi suka tsallaka da shi zuwa Kuba da Brazil.

Sai dai a yi hattara da yadda ake ba da wannan labari. Makaɗan ba su karanta Yuklid ba, kuma ba su buƙace shi ba. Kunne da ƙafa ne suka kai su can, lissafi ya zo daga baya ya tarar da su. Kuma abin da lissafin ke bayarwa ƙashi ne kawai. Inda makaɗi ke ɗan jinkirta bugu, ko ya danne wani ya sassauta wani, ko ya amsa wa mai rawa da ya shigo fili, wannan ba ya cikin lambobi biyu.

Kuskure a bainar jama'a

Tunda allo a buɗe yake, kuskure ma a buɗe yake. Makaɗi zai manta alama ɗaya, jan rubutu ya fito a bango, ɗaki duka na gani. Wani lokaci kiɗan da ke tafiya zai ci gaba, sabon layin ne kawai zai ƙi shiga. Wani lokaci zagaye guda zai mutu, ganga ta ɗauke ana tsakiyar rawa. A Sonic Pi, in ka manta sleep a cikin live_loop, manhajar za ta tsayar da zagayen ta gaya maka dalili, don in ta bar shi zai yi ta gudu ba numfashi har kwamfuta ta sandare. Wani lokacin ma kwamfutar gaba ɗaya ce ke tsayawa. A tarukan algorave an saba jama'a su yi shewa da tafi in haka ta faru, su jira a sake tayar da ita.

A wata cibiyar fasaha ta gwamnati da ke birnin Meziko, Centro Multimedia, an yi suna da wani tsari mai tsauri: kowa zai hau ya fara da allo wayam, a ba shi minti tara, in sun cika ya sauka, ko ya kai inda yake so ko bai kai ba. Ƙwararre da sabon shiga duk doka ɗaya. Masu kiɗan kod a Barcelona ta Sifen ma sun ɗauki wannan tsari. A ganinmu wannan ya fi kiɗan kansa muhimmanci. Mun taso a azuzuwan da in ka ɗaga hannu ka faɗi ba daidai ba za a yi maka dariya har a tashi, sai kowa ya koyi yin shiru. Amma aikin kod, a wurin kowa, har manyan injiniyoyi, yawancinsa neman inda aka kuskure ne da gyara shi. Ɗalibin da ya ga gwani ya yi kuskure a bango, ya karanta jan rubutun a natse, ya gyara cikin sakan goma, ya ga yadda aikin yake a zahiri.

'Yan mata kuma kada ku ce wannan harkar maza ce. Shelly Knotts da Joanne Armitage na Ingila, da Alexandra Cárdenas 'yar Kolombiya, suna cikin sanannun makaɗan kod. Hydra, manhajar da ake yawan amfani da ita wajen zana hotuna masu motsi da ke raka kiɗan a bango, Olivia Jack ce ta rubuta ta.

Yanzu akwai manhajojin ƙirƙirarriyar basira da za ka rubuta musu jimla ɗaya su miƙo maka waƙa cikakkiya, da murya da komai. Sun fi sauri, sau da yawa ma abin da suke fitarwa ya fi santsi a kunne. Amma in ka tambayi mai waƙar me ya sa gangar ta faɗi a nan ba can ba, ba shi da amsa, kuma ba zai iya matsar da ita ba sai dai ya sake roƙo. Mai kiɗan kod zai nuna maka layin da lambar, ya canza ta a gabanka.

Inda abin ya gaza

Ba za mu ɓoye muku ba, wani kiɗan kod ɗin yana da gundura. Rubutu na cin lokaci, don haka zagaye ɗaya zai iya ta maimaituwa minti biyu makaɗi na neman abin da zai ƙara. Kallon mai danna maɓallai kuma bai kai kallon mai kalangu ba, komai girman majigi. Kyautar ma akwai wanda ke biyan kuɗinta: Sam Aaron ya bar jami'a, kuma gudummawar da masu amfani da Sonic Pi ke aikawa na cikin abin da ke riƙe da aikin.

Sannan manhajojin sun zo da kunnen waɗanda suka gina su. Matakai 12 ɗin nan na fiyano ne. Kalangu kuwa zamewa yake yi daga sauti zuwa sauti yana bin hawa da saukar harshen Hausa, shi ya sa yake iya kiran sunan mutum da takensa. Goge ma ba ya tsayawa a kan matakan fiyano. Da yawa daga cikin gangunan da za ka tarar a ciki na injinan kiɗa ne irin TR-808 da kamfanin Roland na Japan ya fitar a 1980. Amma ƙofa ba a rufe take ba. Sonic Pi na karɓar play 60.5, wato sautin da ke tsakanin matakai biyu, tana da umarnin sa sauti ya zame zuwa wani, kuma duka manhajojin biyu suna barin mutum ya saka sautin da ya naɗa da kansa. Bugun ƙwarya, ko taɓarya a turmi lokacin lugude, ko tafin 'yan gaɗa, in aka naɗa da waya aka yanka, za su shiga zagaye kamar kowace ganga. Littafin koyarwar da ke cikin Sonic Pi ma masu sa kai ne ke fassara shi zuwa harsuna dabam-dabam.

Wanda ke son gwadawa, in makarantarku na da ɗakin kwamfuta ku roƙi malami ya sauke Sonic Pi sau ɗaya. Kyauta ce, tana aiki a Windows da Mac da Linux, kuma bayan an sauke ba ta buƙatar intanet, darussan na cikinta. In waya ce kawai a gida, ku nemi izini ku buɗe strudel.cc a burauza. Rubutu a ƙaramin allo akwai wahala, alamomin ma sai an nemo su, amma yana aiki. Ku sa abin kunne, ku rage ƙara kafin ku kunna, don lamba ɗaya da ta zarce za ta iya fitar da ƙarar da za ta firgita gida. Ku fara da sound("bd(3,8)"), ku saurara har ya zauna muku, sannan ku mayar da 3 ta zama 5. A kwamfuta Ctrl da Enter ke kunnawa, Ctrl da ɗigo ke tsayarwa. A waya maɓallan suna saman shafin.